Hirar Bakin Fili: Uwargida, Kin San Uwar Abokin Ɗanki?

   

A wannan watan ina so mu tattauna a kan wani abu da yawancinmu muka ɗauka wasa, kuma lalle sunansa wasa, to amma akwai babban al'amari a cikinsa. Ina nufin ranar wasannin yara, wato ranar da makaranta za ta aiko miki da kati cewa za a yi intahaus, ko ranar da ɗanki zai shigo yana haki ya ce, "Umma, ranar Asabar muke wasan ƙarshe, za ki zo?" Ki faɗi tsakaninki da Allah 'yar'uwa, sau nawa kika taɓa zuwa? Ni dai ba zan ɓoye miki ba, shekara da shekaru abin da nake yi shi ne in biya kuɗin riga, in ƙulla wa yaro ɗan abin taɓawa a leda, in ce Allah ya ba da sa'a, in koma kan wanke-wankena. A ganina a lokacin, me zai kai babbar mace kamata cikin rana da ƙura don kallon yara suna tsere da ƙwai a cokali?

Bana ne ɗana na uku, mai shekara 13, ya kafe. Ya ce shi kaɗai ne a ajinsu mahaifiyarsa ba ta taɓa zuwa ba, alhali an sa shi a gudun mita 200, kuma shi ne mai tsaron gida a ƙwallon gidansu, wato kore. Da ya ga ina neman zillewa sai ya kai ƙara wurin babansa. Maigida ya ce, "Ki je mana, ai ba kullum ba ne." Haka na dafa zoɓo na zuba a kula, na sa hijabina na tafi ina ƙunƙuni a raina.

Na tarar an kafa rumfuna, ta iyaye mata daban ta maza daban, an jera kujerun roba, ga yara kala-kala, ja da kore da shuɗi da ruwan ɗorawa, suna fareti ana buga musu ganga. Na samu kujera kusa da wata baiwar Allah da ban taɓa gani ba, muka gaisa sama-sama kamar yadda aka saba. Da aka zo gudun mita 200 ban san lokacin da na miƙe ina kiran sunan yarona ba. Sai matar nan ta juyo ta dube ni ta ce, "Hajiya, ke ce maman wane?" Na ce ni ce. Ta tafa hannu ta ce, "Ikon Allah! Ai ɗanki ɗana ne. Kusan duk Asabar a gidana yake cin abincin rana da nawa yaron. Har na san ba ya shan miyar kuɓewa ɗanya sai busasshiya."

Wallahi 'yar'uwa kunya ta rufe ni. Mace ta san irin miyar da ɗana ba ya sha, ni kuwa ko sunanta ban sani ba. Da muka bi sawu, ashe layi biyu ne tsakanin gidana da nata, kuma shekara shida muna zaune a haka.

Muna cikin hira muna shan zoɓo sai ta matso ta rage murya ta ce, "Kin kuwa san sun bar filin firamare?" Na ce wane fili? Ta ce tun da aka katange makarantar aka sa mata ƙofa, yaran sun koma wani fili a bayan wani kango can ƙasan unguwa, wata uku ke nan. Kuma akwai wasu samari da ke zama a cikin kangon daga La'asar har dare, suna aiken ƙananan su sayo musu taba da wasu abubuwan da ba a faɗa. Maigidanta ne ya gani da idonsa a hanyarsa ta dawowa daga kasuwa. Ta ce ta daɗe tana son ta sanar da ni, amma ba ta san gidan ba, kuma tana tsoron kada ta zo a ce mata 'yar sa-ido.

Ni kuwa duk yamma idan yaro ya ce ya tafi fili, hankalina kwance, ina ganin yana nan filin da na sani tun yana firamare. Bai yi mini ƙarya ba, fili ya ce kuma fili ya tafi. Ni ce ban taɓa tambayar wane filin ba. Wannan magana da ta hana ni barci a daren nan, ban same ta daga malaminsa ko daga yayyensa ba. A bakin fili na same ta, daga wata uwa da kujera kawai ta haɗa mu.

Ina dandalinmu ya tafi?

Waɗanda suka tashi a cikin gari ko a ƙauye a cikinmu sun san yadda abin yake a da. Gida ɗaya sasa biyar ko shida, ƙofa a buɗe, yara su fita dandali da farin wata, maza na langa, mata na gaɗa, kuma duk wata dattijuwa da ke layin ta san ɗan wane da jikar wance. Idan yaro ya yi ba daidai ba, kafin ya iso gida labari ya riga shi, wani lokacin ma an riga an hukunta shi a hanya. Abin da ake nufi ke nan da ɗa na kowa ne. Iyayenmu ba su kira taro don su san juna ba. Rijiya da injin niƙa da gidan suna da gidan kitso su suka haɗa su.

Yau fa? Kowa ta shige gidanta ta ja get, katanga ta fi tsawon mutum, ruwa ana kawo shi a kura ko ya zo a famfo, cefane a aiki yaro ko ɗan acaɓa. Sai ki shekara ba ki san fuskar matar da ke bayan katangarki ba. Amma su yaran ba su san katanga ba. Sun san juna, sun san gidajen juna, suna da duniyarsu da mu ba mu ciki. Iyaye ne kawai suka zama baƙin juna, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Za ki ce ai muna haɗuwa a biki. Gaskiya ne, amma ki tuna me ake yi a gidan biki: anko, da kallon sarƙar wance, da kiɗan da ba ya barin ki ji maganar ta kusa da ke. A taron iyaye da malamai kuwa maganar ƙarin kuɗin makaranta ce ke cinye lokaci, kowa ta fito rai a ɓace. Bakin filin wasa daban yake. Awa uku ko huɗu kuna zaune wuri ɗaya, matar ɗan kasuwa da matar malami da mai sayar da awara, abu ɗaya ne ya kawo ku, kuma abin hirar yana gabanku yana gudu. Ba sai kin nemi hanyar soma magana ba, "wanne ne naki?" ta isa. Sannan a nan ne za ki ga da idonki da wa ɗanki yake tafawa idan ya ci, wa yake rungumewa, wa kuma yake kauce wa. Gani ya kori ji.

Kada ki ɗauka ina kambama maganar kangon nan. Rahoton da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a farkon shekarar 2019 ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda. A watan Mayun 2018 kuwa gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani binciken BBC ya tona yadda abin ya yi wa matasa katutu, har da na Kano. Duk waɗannan 'ya'yan wasu ne, kuma babu wanda ya fara da kwalba a hannu. Da aike ake farawa, da zama kusa da manya, da son a ce yaro ya waye. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Kuma maganin abin ba hana yaro wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu motsa jiki mai sa gumi na kimanin minti 60 a kowace rana. Yaron da aka kulle a ɗaki da waya a hannu bai tsira ba, wani ramin ya faɗa. A bar su su yi wasa, amma mu san inda suke yi, da wanda suke yi da shi.

Hirar da ta kamata a yi

To idan Allah ya kai ki bakin fili, me za ki tattauna da ta kusa da ke bayan gaisuwa da tambayar farashin shinkafa?

Na farko, maganar koci. Yawancin kulob ɗin unguwa wani saurayi ne ko magidanci mai sha'awar ƙwallo ke tara yara yana horar da su, da yawansu kuma mutanen kirki ne da ke kashe kuɗin aljihunsu don sayen ƙwallo da jesi. Amma mutumin da ɗanki ke yini da shi sau huɗu a mako, yana jin maganarsa wani lokacin fiye da ta ubansa, ai ya kamata a san ko wane ne. Ɗan wane gida ne? Me yake yi bayan ƙwallo? Ƙarfe nawa ake tashi, ana tsayawa a yi salla? Yana kiran yara ɗakinsa su kaɗai? Idan za a tafi wasa wani gari, wa ke raka su, ina suke kwana? Ke kaɗai ba za ki san amsar duka ba, amma idan uwa biyar suka haɗa abin da kowacce ta ji daga bakin ɗanta, hoton zai fito. Kocin kirki ba ya jin haushin tambaya, daɗi ma yake ji an san da shi. Wanda tambaya ta ɓata wa rai, to a sa masa ido.

Na biyu, maganar lafiya. A ranar nan wani yaro ya zube bayan tseren miƙa sanda, aka rufu a kansa ana fifita, sai wata mata daga bayanmu ta taso da gudu ta ce a buɗe jakarsa, yana da asma, abin shaƙarsa na ciki. Ba mahaifiyarsa ba ce, maƙwabciyarsu ce da uwar ta taɓa gaya wa. Mu Hausawa muna da ɓoye ciwon ɗa kamar abin kunya, musamman sikila da farfaɗiya da asma, saboda tunanin aure da bakin mutane. Amma yaro mai sikila, ƙishirwa da gajiya mai tsanani da sanyi suna iya tayar masa da ciwo, kuma ƙurar hunturu da ake yawan yin intahaus a cikinta ita ce abokiyar gabar mai asma. Idan malamin wasanni da uwa ɗaya ko biyu da kika yarda da su suka sani, kin sama wa ɗanki masu tsaro a inda idonki bai kai ba. Haka nan ku tunatar da juna maganar ruwa, domin a watan Afrilu zafi a Kano da Sakkwato da Maiduguri yakan haura 40 a ma'auni, yaro kuwa idan wasa ya yi daɗi mantawa yake da ƙishirwa. A sha kafin a fara, a sha a tsakiya, a sha bayan an gama. Sannan duk yaron da ya bugu a ka har ya ji jiri, ko ya yi amai, ko ya rikice bai san inda yake ba, kada a bari ya koma wasa a ranar ko da ya ce ya warke, a kai shi asibiti. Ciwon da ƙusa ko gwangwani ya ji wa mai wasa ba takalmi kuwa a wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu, a je a tambayi maganar allurar tetanus.

Na uku, mafarkin Turai. Babu yaron da ke buga ƙwallo a arewacin ƙasar nan da bai san Ahmed Musa ba, wanda aka haifa a Jos a 1992, ya yi wa Kano Pillars wasa, ya fi kowa cin ƙwallo a gasar ƙasa ta kakar 2009 zuwa 2010 da ƙwallo 18, sannan ya ci Ajantina biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya ci Iceland biyu a ta 2018. Ga kuma 'yan ƙasa da shekara 17 na Nijeriya da suka ɗauko kofin duniya har sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015. Saboda haka idan wani mai kwat ya zo bakin fili ya ce ɗanki gwani ne, zai kai shi Turai gwaji, a kawo kuɗin fasfo da biza da tikiti, zuciya takan karkata. An yi iyayen da suka sayar da fili ko sarƙar gwal a kan irin wannan, daga ƙarshe mutumin ya kashe waya, ko a yasar da yaro a wata ƙasa ba kuɗi ba takarda. Abin da ya kamata ki sani shi ne, dokar hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta hana a ɗauki ɗan wasan da bai kai shekara 18 ba daga ƙasarsa zuwa kulob ɗin wata ƙasa, sai da wasu 'yan sharuɗɗa ƙalilan, kamar iyayensa su koma can da zama saboda wani dalili da ba ƙwallo ba. Shi kansa Ahmed Musa, da wani kulob na ƙasar Holan ya saye shi a 2010, sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoban shekarar kafin ya soma buga musu wasa. To wane ne zai kai ɗan shekara 14? Irin waɗannan mayaudara ɗaya bayan ɗaya suke bin iyaye, kowa su ce masa ɗansa ne kaɗai aka zaɓa, kada ya faɗa wa kowa saboda mahassada. Ranar da iyaye suka zauna rumfa ɗaya suka gane magana ɗaya aka gaya wa gida bakwai, ranar kasuwarsa ta watse. Yaron da Allah ya ba baiwa akwai hanyoyin da aka sani a gida, irin gasar makarantu da gasar Kofin Ramat ta matasa da ake yi a Kano don tunawa da marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad. Kuma ko wace hanya ce, karatu na gaba.

A nan kuma in ja kunnenmu kan rage wa yaro shekaru a takarda don ya shiga gasar ƙanana. Tun gasar 'yan ƙasa da 17 ta duniya da Nijeriya ta ɗauki nauyi a 2009, wadda aka buga wasu wasanninta a Kano da Kaduna da Bauchi, ake amfani da na'urar ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don tantance shekaru. Ko babu na'ura ma, uwar da ta koya wa ɗanta ƙaryar ranar haihuwarsa, da wane baki za ta hana shi wata ƙaryar gobe?

Na huɗu, 'ya'ya mata. A rumfarmu an yi muhawara mai daɗi a kan ko ya dace budurwa 'yar sakandare ta yi gudu a gaban jama'a. Wata ta ce ita ta hana tata, wata ta ce tata ta yi da dogon wando da riga har gwiwa da ƙaramin hijabi, kuma ita ta zo ta ɗaya. Kowane gida da tsarinsa, ba ni da hurumin yanke wa kowa hukunci. Amma abin da na lura shi ne, da iyaye mata suka haɗa baki suka nemi makaranta ta yarda da irin wannan shigar, kuma malama mace ta riƙa horar da 'yan matan, ba a yi musu gardama ba. Da mace ɗaya ce ta je da an ce tsaurin ra'ayi ne. A duniya ma an wuce wurin, domin tun 2014 dokokin ƙwallon ƙafa suka amince da rufe kai, kuma a 2023 'yar ƙasar Maroko, Nouhaila Benzina, ta buga gasar cin kofin duniya ta mata da hijabinta. Ga masu cewa me ya haɗa mace da kallon wasa kuwa, ya tabbata cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta kalli Habashawa suna wasa da masu a masallaci tana bayan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma shi da kansa ya yi tseren gudu da ita. Abin lura dai shi ne sutura da natsuwa da izinin maigida.

Inda harshe ke ɓata taro

Sai dai fa 'yar'uwa, kada in zuga ki ki tafi ba tare da na gaya miki ɗaya fuskar ba. Rumfar da na samu alheri a cikinta, a cikinta na ji abin da ya sosa mini rai. Wata yarinya 'yar firamare ta yar da ƙwai saura taku uku ta kai, sai mahaifiyarta ta miƙe a gaban kowa ta ce, "Shashasha kawai, dubi 'yar wance!" Yarinyar ta tsaya cak a tsakiyar fili, cokali a hannu, tana kallon ƙasa. Ƙwai ɗaya ne ya fashe, amma na tabbata wannan kalma za ta daɗe a ranta bayan kowa ya manta wa ya zo na ɗaya. Yaro idan ya faɗi ko ya ci, rumfar iyaye yake fara kallo. Fuskarki yake nema. Ki tabbata abin da zai gani zai sa ya so ki sake zuwa.

A bayana kuma wasu biyu sun shafe rabin awa suna tsinke wani yaro da ya fi sauran tsawo, wai ƙato ne an rage masa shekaru, daga nan suka gangara kan uwarsa, daga uwarsa zuwa dalilin fitarta daga gidan miji. Ba su san ƙanwar uwar na zaune a gefensu ba. Magana zarar bunu ce. Ga ma'auni mai sauƙi da za ki gane hirar da ke da amfani da wadda ta zama gulma: shin abin da za ki faɗa zai kare wani yaro daga cutarwa, kuma kina faɗa wa wadda za ta iya yin wani abu a kai? Idan haka ne nasiha ce. Idan kuwa daɗin baki ne kawai, to ki mayar da hankalinki kan fili.

Ki koyi darasi daga matar da ta ba ni labarin kango. Ba ta faɗa a tsakiyar mata ba, sai da ta matso ta rage murya. Ba ta ce ɗanki ya lalace ba, cewa ta yi "sun bar filin firamare," ta haɗa da nata. Ta faɗi abin da aka gani, ba ta ƙara gishiri ba. Ke ma idan aka zo miki da irin wannan, kada ki ce "ɗana ba zai yi haka ba" ki ɗaure fuska. Ki yi godiya ki bincika. Uwar da ta kori mai kawo mata labari sau ɗaya, ba za a sake kawo mata ba, sai ranar da abin ya fi ƙarfin ɓoyo.

Haka nan idan yara suka yi faɗa a fili, ko aka yi wa naki ƙeta, ko alƙalin wasa ya busa abin da ba ki so, ki riƙe bakinki. Su yaran kafin Magariba sun shirya suna shan rake tare, iyaye kuwa sai a shekara ana gaba. Uwar da ta zagi alƙalin wasa a gaban ɗanta ta koya masa yadda zai yi da malaminsa ranar Litinin.

Abin da muka yi

Kafin a tashi a ranar, mu biyar da 'ya'yanmu ke kulob ɗaya muka karɓi lambar juna. Na san ba al'adarmu ba ce matar aure ta je ta tsaya a filin ƙwallon unguwa cikin samari, kuma ban ce ki yi ba. Wannan aikin iyaye maza ne da kawunnai da yayye. Kowaccenmu ta koma ta yi wa maigidanta bayani cikin lalama, bayan ya ci ya ƙoshi. A Asabar ta gaba magidanta uku suka je filin suka zauna a kan benci kamar 'yan kallo, suka gaisa da koci, suka saya wa yara ruwa. Daga nan suka je wurin mai unguwa, shi kuma ya yi magana da shugaban firamaren, aka amince a riƙa buɗe wa yara ƙofa daga bayan La'asar zuwa kafin Magariba, da sharaɗin wani babba ya kasance a wurin. Yanzu karɓa-karɓa suke yi. Maigidana, wanda da ko sunan kulob ɗin bai sani ba, shi ne ke dawowa yana ba ni labarin yadda ɗansa ya kaɗe bugun daga kai sai mai tsaron gida, kuma ya yi abokai biyu a layin da ya shekara goma yana wucewa da sallama kawai. Mu kuma matan, idan Magariba ta yi yaro bai shigo ba, kira ɗaya ya isa a san inda yake. Da ɗaya daga cikinmu ta haihu watan jiya, mu huɗun nan muka riga danginta isa. Zumunta a ƙafa take, hannu ɗaya kuma ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka uwargida, idan katin nan ya sake zuwa, kada ki ajiye shi a kan firij ki manta. Ki nemi izini, ki ɗaura girki da wuri, ki ɗauki ruwa da ɗan abin da za ki miƙa wa ta kusa da ke. Kada ki nemi ƙawarki ta kullum ku ƙule a gefe, ki zauna kusa da wadda ba ki sani ba ki tambaye ta wanne ne nata. Kafin ranar ma, yau da daddare ki tambayi ɗanki sunan abokansa uku da ya fi wasa da su, sannan ki tambayi kanki ko kin san uwar ko da ɗaya daga ciki. Idan kuma aka kira tseren iyaye mata, ki gyara ɗaurin zane ki shiga. Ni na zo ta biyun ƙarshe, kuma har yau yarona bai daina ba da labarin ba.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya haɗa su da abokai nagari, ya kare mana su a inda muke gani da inda ba mu gani. Sai mun haɗu a wata mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.